Ranar suna ɗansa ne, ranar sammaci ɗan wani

Ka taɓa lura da ranar da namiji a ƙasar nan yake gano cewa yaron da aka haifa a gidansa ba nasa ba ne? Ni na lura, kuma abin ya kai ni wuya. Ranar da matar ta ce masa ta yi ɓatan wata bai gano ba, murmushi ya yi. Ranar da ta sauka bai gano ba, shi da kansa ya bi gida-gida da goro yana faɗa wa dangi an sami ƙaruwa. Ya sayo itacen wanka, ya sayo ƙauri, ranar suna ya jawo rago da hannunsa, ya raɗa wa liman sunan mahaifinsa a kunne, ya harɗe kan tabarma cikin sabuwar shadda ana ce masa Allah ya raya yana amsa amin da ƙarfi. Shekara uku, shekara huɗu, yaro na ce masa Baba yana waiwayowa. Sai aure ya mutu. Sai matar ta gaji da aike, ta kai ƙara. Sai masinjan kotu ya tsaya ƙofar rumfarsa da takardar sammaci. Nan take ilimin lissafi ke sauko masa. Ya fara ƙirga watanni da yatsu. Ya tuna ai lokacin da aka sami cikin yana Ikko da lodin albasa. Ya tuna kunnen yaron ba irin na gidansu ba ne.

"Allah shi gafarta Malam, wanga yaro ina da shakka bisa gare shi."

Shakka! Shekara huɗu tana barci, takarda ɗaya ta tashe ta.

Da kai nake magana, kai da ka san inda na dosa tun ban ƙarasa ba. Kai da ƙanwarka ta dawo gida da ɗaya a goye, ɗaya a hannu, wani lokaci da na uku a ciki, da ƙullin kayanta da saki da aka rubuta a yagaggen fallen littafin 'yan makaranta. Kai da ka raba ɗakin tsohuwarku biyu. Kai da awon da ke kai ku kwana biyu ya koma na wuni guda. Daga Jega zuwa Aliero, daga Maiyama zuwa Andarai da Mungadi, a nuna mini unguwar da babu irin gidan nan. Mu kawunnai mu ne ma'aikatar jin ƙai ta gaskiya a jihar nan, ba kasafi, ba ofis, ba na gode. Ni ma ina da su a gidana, kuma Allah ya sani ba na ƙyashin lomar da suke ci, jinina ne. Abin da ke ƙona mini rai shi ne in fita da sassafe neman abin da za su karya, in ci karo da ubansu a tasha ya hau sabon babur, ya ɗago mini hannu yana washe baki: "Ya yara?" Ya yara! Da wane bakin?

Mu fara da mai shakka. Mutumin nan ya san abin da yake faɗa kuwa? Komai laushin muryarsa, cewa yake matar da ya zauna da ita mazinaciya ce, ɗan da ya yanka wa rago shege ne. Iyakar fassarar ke nan. Kuma shari'ar da muke tutiya da ita, wadda muka cika filaye muna kabbara da aka ƙaddamar da ita a Kebbi ƙarshen shekarar 2000 zamanin Gwamna Adamu Aliero, ba ta bar wannan magana sakaka ba. Hasali ma hukuncin aure da haihuwa da gado a hannun alƙalanmu yake tun kafin Bature ya san hanyar Gwandu. Duk wanda ya yi karatun zaure har ya kai Risala ya san yaron da aka haifa wata shida ko fiye da yin aure na mijin ne, ya so ko ya ƙi. Wata shidan nan ma ba ƙage ba ne: ayar Baƙara ta sa shayarwa shekara biyu, ta Ahƙafi ta haɗa ciki da yaye wata talatin, ka cire 24 daga 30 ka ga abin da ya rage.

In kuwa da gaske yake yana son ya kore yaron daga jikinsa, hanya ɗaya ce, sunanta li'ani, tana nan cikin Suratun Nuri. Ya tsaya a masallaci gaban alƙali da jama'a ya rantse sau huɗu cewa gaskiya yake faɗa, a na biyar ya kira wa kansa tsinuwar Allah in ƙarya yake. Ita ma ta rantse huɗu, a na biyar ta kira wa kanta fushin Allah. Su rabu, rabuwar da babu kome har abada. Kuma a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, wannan ƙofa ba ta daɗewa a buɗe. Wanda ya ga ciki ko ya ji haihuwa ya yi shiru ba tare da uzuri ba, ko ya ci gaba da kwana da matar, ya makara. Kwana ɗaya ko biyu malamai suke magana, ba shekara huɗu da ragon suna a tsakani ba. In ya yi zargin ya ƙi rantsuwar, bulala 80 ta ƙazafi ke jiransa. In ya yi rantsuwar daga baya ya dawo ya ce ai ɗana ne, a yi masa bulalar kuma a liƙa masa ɗan. Ka ga dokar da ta san halin maza.

To ka faɗa mini, sau nawa ka ji an yi li'ani a garinku? Sau nawa ka ji an kwantar da mai shakka an tsula masa tamanin? Abin da muke gani shi ne a ɗage zama, a ce a je a sasanta, dattawan unguwa su shigo, a ce mata ta yi haƙuri don rufin asirin yaron, a rage kuɗin, ko ta janye gaba ɗaya. Abin da yake nema ke nan tun farko. Shi ma ya san ɗansa ne. Ya kuma san babu uwar da za ta jure a dinga ja mata ɗa a bainar jama'a da sunan shege saboda 'yan dubban da ba su sayen kwanon shinkafa biyu. Ya sa mutuncin ɗansa a caca don ya tsira da canjin aljihunsa, kuma ya ci. Ya fito kotu yana gyara hula.

Maganar kama kuwa, har ta fi ban haushi. "Bai yi kama da ni ba." Wani mutumin ƙauye ya taɓa kai wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin wannan ƙorafi, cewa matarsa ta haifi yaro baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, aka tambaye shi ko akwai mai wani launi daban a cikinsu, ya ce akwai, wataƙila gado ne daga kakanni. Aka ce masa to ɗanka ma haka. Magana ta ƙare tun shekara dubu da ɗari huɗu. Ko a Aliero, inda albasa ta fi ko'ina, sun san ba kullum take yin halin ruwa ba. Dokar boko ma ba ta ba shi mafita ba: sashe na 165 na dokar shaida ta 2011 ya ce yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwar auren matuƙar uwar ba ta sake wani ba, kotu za ta ɗauka na mijin ne. Ta ko'ina ya ɓullo ƙofa a rufe take. Mu ne muke buɗe masa taga.

Yanzu juya tabarmar. Ɗauki mutumin nan dai, shi ɗin nan mai lissafin watanni, ka ajiye shi a ɗaya ɓangaren. Wannan karon ba matarsa ba ce. Yarinya ce mai tallar gyaɗa a tashar Jega, ko bazawarar da ya yi wata takwas yana yi wa zarya da alkawarin aure. Ciki ya fito. Ta ambaci sunansa. Me zai ce? "A kawo shaidu huɗu, ko a ba ni Alƙur'ani." Ya yi alwala, ya dafa, ya kama hanyar kasuwa.

Kada wani ya ce ƙirƙira nake, mun gani a maƙwabta, duniya ma ta gani. A watan Janairun 2001 aka yi wa Bariya Ibrahim Magazu bulala 100 a Tsafe ta jihar Zamfara. Maza uku ta ambata, duk suka musa, duk suka tafi gida, har da farko an ƙara mata 80 ta ƙazafi a kan ta ɓata musu suna, kafin a janye. A watan Oktoban 2001 kotun Gwadabawa ta yanke wa Safiya Hussaini ta Tungar Tudu hukuncin jifa, mutumin da ta ambata ya musa aka sallame shi, sai 25 ga Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta wanke ta. A watan nan na Maris dai kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal ta Kurami irin hukuncin, namijin ya rantse ya wuce, kotun Funtua ta tabbatar a watan Agusta, sai 25 ga Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta rushe shi. Kuma a lura, da fiƙihun Malikiyya aka kuɓutar da Amina, cikin hujjojin har da kwantaccen ciki, wanda malamanmu suka ce zai iya kai shekara biyar a jikin matar da aka saka, a danganta shi ga tsohon miji. Turai da Amurka suka yi ta kururuwa kan jifa, har birnin Rum ya karrama Safiya. Mu kuma muka yi ta kururuwa kan masu kururuwar. Tambayar wa zai sayi sabulun wankin tsumman jariran da matan nan suka haifa ba ta sami ko rubu'in wannan hayaniya ba. Mace tana goye da shaidar da ake kama ta da ita, namiji ba ya goye da komai.

A nan ne munafuncin ya cika ya tumbatsa, domin yanzu an sami sabon makami, gwajin DNA. Zauna wurin mai shayi da dare ka ji. Mutumin da bai taɓa saya wa ɗansa maganin zazzaɓi ba a shirye yake ya sayar da babur ya tafi Abuja a gwada jini. Wai sun ji a waya wani kamfanin gwaji a Ikko ya ce kusan ɗaya cikin huɗu na mazan da suka je wurinsa ba su ne iyayen ba. Sai tafi, sai "ka ji ko, mata ba amana." Malam, su wa ke zuwa gwajin? Waɗanda dama zuciyarsu ta riga ta cika da zargi har suka cire maƙudan kuɗi. Ko cikin waɗannan zaɓaɓɓun masu zargi, uku cikin huɗu zargin banza suka yi, sun ci mutuncin matansu a kan iska. Wannan rabin labarin ba a ba da shi a teburin shayi.

Ga abin dariyar. In matarsa ta aure ce, shi ɗan zamani ne, kimiyya yake so, li'ani ya tsufa. In yarinyar da ya lalata ce, shi ɗalibin Muhtasar ne, shari'a ba ta san DNA ba. Baki ɗaya, harshe biyu. Alhali malaman duniya sun yi zama kan abin: majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke a shekarar 2002 cewa ba a kore nasabar da ta tabbata da gwajin nan, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani, amma ana amfani da shi inda aka rasa sanin uban yaro ko aka cakuɗa jarirai a asibiti. Wato daidai wurin da yake son gwajin nan ne aka hana shi. Kai, ko asalin gwajin ma, Alec Jeffreys ya gano shi a jami'ar Leicester ta Ingila a 1984, kuma aikin farko da ya yi a 1985 shi ne tabbatar da cewa wani yaro ɗan asalin Gana ɗan uwarsa ne don kada jami'an shige da fice su raba su. An ƙirƙiro shi ya haɗa ɗa da gidansu, ya iso hannunmu mun mai da shi abin kora.

Na san abin da wani malami zai ce, kuma gaskiya ne: mafi yawan malamai sun tafi a kan ɗan da aka samu ba da aure ba ba a jingina shi ga namijin, ba ya gadonsa. Ban zo in ja da wannan ba, ba filina ba ne, kodayake Ibnu Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim sun yarda a jingina shi in uwar ba matar wani ba ce kuma namijin ya amsa. Tambayata daban ce. Rashin nasaba lasisin tserewa ne? Indunisiya na sahun gaba a yawan Musulmi a duniya, kuma majalisar malamanta ta ba da fatawa a 2012 cewa yaron ba shi da nasaba da mutumin, ba ya gadonsa, amma hukuma na da ikon hukunta mutumin ta hanyar tilasta masa ɗaukar nauyin yaron, da ware masa wani abu daga dukiyarsa bayan ya mutu. Ta'aziri ke nan, horon da shari'a ta bar wa shugaba. Tunisiya tun 1998 ta yi dokar da ke amfani da gwajin jini a ba irin yaron nan suna da ciyarwa. Su ba Musulmi ba ne? Ko mu kaɗai aka saukar wa littafin? A ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna ya rubuta wa masu mulki Liya'ul Hukkami, an rasa wanda zai zauna ya rubuta shafi biyu kan wannan. Sai mu jira a tsinci jariri cikin kwali a bayan kasuwa, mu taru mu tsine wa uwar. Ita kaɗai. Kamar daga sama ta samo shi.

Akwai kuma wani sabon salo da na fara ji, wanda ya fi na shakka rashin kunya. "Ni ban ce ta ɗauki ciki ba." Wai ya gaya mata ya ishe shi haka, ita ce ta ƙi ji, don haka ta ji da abinta. Tambaye shi, lokacin da ta ce za ta je asibiti a yi mata allurar tazarar haihuwa, ko a sa mata ashanar nan a damtse, wa ya daka mata tsawa ya ce haramun ne, aikin Yahudawa ne, in ta fita a bakin aurenta? Shi. Wa ya ƙi bin ta asibitin da ma'aikaciya ta ce a zo da miji? Shi. Ya hana ta hutawa, ya ƙi kame kansa, ciki ya zo ya ce ba da yawunsa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka, amma namu tsuntsun ya ja ruwan ya shige rumfa ya bar ta a fili.

Kuma ba zan ɓoye ba, akwai matan da ke yin nasu. Akwai wadda za ta cire ashanar a ɓoye don kishiya ta fi ta 'ya'ya maza, gasar gado tun mai gidan na da rai. Akwai wadda za ta karɓi kuɗin yara ta yi anko. Akwai wadda za ta hana uba ganin ɗansa don ta ƙuntata masa. Duk na sani, kai ma ka sani. Malamanmu ma sun ce miji ba ya yin azalu sai da yardar matarsa, wato haihuwa da jinkirta ta shawara ce ta mutum biyu, wanda ya yaudari ɗan'uwansa ya yi laifi. To sai me? A kai laifin kan wanda ya yi shi. Jaririn da wa ya yi shawara? A Ingila an yi wata shari'a da ta kai har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai: Natallie Evans ta adana ƙwayayen haihuwa da aka haɗa da na saurayinta kafin a yi mata aikin daji, suka rabu, ya janye yardarsa, a 2007 kotun ta ce ba za a dasa mata ba. Ka ga can ma an saurari "ban yarda ba", amma kafin ciki. In yaro ya riga ya faɗo duniya, a ƙasar nan ta Ingila daga albashinka za a yanka tun bai shigo hannunka ba, ka yi taurin kai a karɓe lasisin tuƙinka ko fasfo. A Amurka bashin ciyar da yaro in ya haura dala 2,500 ba za a ba ka fasfo ba. Waɗanda muke kira marasa tarbiyya ke nan.

Mu kuma fa? Bari mu ce komai ya tafi daidai. Ba shakka, ba gardama, ya amsa ɗansa ne, alƙali ya yanke. Nawa? Na zauna a wata kotu na ji da kunnena an yanke wa yara biyu dubu biyar a wata, kuma uban ya ɗaga hannu yana roƙon ragi. Dubu biyar. Bayan 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, bayan gwamnatin tarayya da kanta ta amsa a 2024 cewa ma'aikaci ba ya rayuwa ƙasa da dubu 70. Raba dubu biyar gida talatin, ka sake rabawa biyu, ka je kasuwar Jega ka ga ko za ka sami ƙosai uku. Kuma wannan ɗin ma wata biyu zai biya ya ɗauke ƙafa. Ita ce za ta nemi kuɗin mota daga ƙauye, ita za ta biya kuɗin sabon sammaci, ita za ta sa wa masinja mai a babur, a je a ce ya tafi ci-rani, a ba ta wata rana. Ta kashe dubu bakwai neman dubu biyar. Zuwa na uku za ta ce ta bar shi da Allah, kowa ya ce madalla, ta yi hankali. A'a. An gajiyar da ita ne da gangan.

In kuma alƙalin mai tsoron Allah ne, ana samunsu, ya matsa masa lamba, sai ya zaro kati na ƙarshe: "To a ba ni ɗiyana in riƙa da kaina." Shi da ya yi shakka bara. Alhali a Malikiyya riƙon yaro na uwa ne har ya balaga, na yarinya har ta tare gidan miji, in uwar ta yi wani aure ya koma hannun kaka ta wajen uwa, uba kuma ciyarwa da tufatarwa na kansa duk tsawon lokacin, har da kuɗin shayarwa in ta fita idda, har da ciyar da ita kanta in ya sake ta da ciki sai ta sauka. Amma al'ada ta ce da an yaye a kai wa uba, mu kuma in al'ada ta fi sauƙi a aljihu ita ce addini. Ya karɓe su. Mako biyu namijin yana wata tsangaya a Zariya ko Kontagora da roba a hannu. Macen tana gidan kishiyar uwa da farantin talla a ka. An huta da kuɗin wata.

Wanda bai karɓa ba kuwa, jira yake. Kai ka ciyar, kai ka biya kuɗin makaranta, kai ka kwana asibiti da ita tana amai. Ranar da ta zama budurwa, manemi ya fito, sai ga shi da babbar riga da ƙannensa biyu: shi ne waliyyi, a gidansa za a kai gaisuwa, a hannunsa za a damƙa sadaki, sadakin da ma ba nasa ba ne, na yarinyar ne. In namiji ne ya sami aikin kwastan ko soja, ranar albashin farko za ka ji ana "ɗana na kaina, jini ba ya ƙarya." Kunnen ya dawo irin na gidansu. Kai kuma kawu a ba ka goro biyu. An ci moriyar ganga.

Kada a ce mini babu doka. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya tana nan tun 2003, har da sashen da ya ba kotu ikon sa a yi gwajin kimiyya don gano uba. Kebbi ta ja ƙafa kusan shekara ashirin kafin Gwamna Atiku Bagudu ya sa hannu kan tata a 2022. Tsarin mulkin 1999, sashe na 42, ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yadda aka haife shi. Takardu kam muna da su, har sun yi ƙura. Abin da babu shi ne mai bin bashi. Masar ta kafa asusu a 2004 ƙarƙashin Bankin Nasser: matar da ke da hukuncin kotu ta je ta karɓa, banki ya bi mijin. Hukuma ce ke farautarsa, ba bazawara da goyo ba. Mu gwamnatocinmu auren gata suka iya, a tara ango da amarya ɗari-ɗari a raba gado da katifa a ɗauki hoto. Madalla. Shekara biyu bayan hoton, wa ke ƙirga yaran da aka dawo da su gidan kawu?

Ba sai an je Masar ba ma. Ma'aikacin ƙaramar hukuma albashinsa ta banki yake bi, me ya hana a yanka daga can? Dillalin albasa yana da ƙungiya, yana da shugaba, ba ya loda mota sai da saninsu. Ɗan acaba yana da lamba. Mai rumfa yana da sarkin kasuwa. In bashin taki ne ko na gwamnati, cikin kwana biyu za a nemo mutum ko yana Anaca. Bashin cikin yaro ne kawai ba a san inda mai shi yake ba. Kuma duk wanda ya furta shakka a gaban alƙali, a rufe ƙofa a ce masa zaɓi: masallaci ko bulala, yau ɗin nan. Mutum biyu kawai za a yi wa haka a Jega, labari ya kai Maiyama kafin la'asar, ka ga yadda lissafin watanni zai ɓace daga ƙasar nan.

Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Biyu ya taɓo gefen maganar a 2017, da ya ce a hana wanda ba ya iya riƙe mace ɗaya ƙara ta biyu, aka yi masa ca kamar ya zagi addini. Amma a 2024 Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, sama ba ta faɗo ba. Ashe ana iya sa sharaɗi. To ga nawa, ba ya buƙatar majalisa, ba ya buƙatar kwabo. Mutumin nan da ya bar mana yara, wata shida ba ya yi sai ka ji ana rabon katin sabon aurensa, kuma limamin unguwarmu ne zai ɗaura, limamin da ya raɗa wa yaran nan suna, wanda ya san gidan da suke kwana. Kafin ya ce a kawo sadaki, ya dubi wakilin ango a gaban jama'a ya tambaye shi: yaran wajen waccan, wa ke ciyar da su, kuma yaushe rabon da a aika? In an yi shiru ya naɗe buzunsa ya shige gida. Na san limamin da ya fara haka zai yi asarar goro da 'yan kuɗin ɗaurin aure masu yawa, wasu ma za su koma masallacin gaba. To su koma. Can ma a tambaye su.